Wasannin Mutanen Gungu: Rigata, Kokawa da Tsibiran da Kainji Ya Haɗiye

Mutumin gabashin Kano, na Balan ne ko na Gaya ko na Ajingi, idan aka ce masa tsibiri, abin da ke faɗo masa a rai shi ne wata ƙasa mai nisa a tsakiyar teku, irin wadda ake nunawa a talabijin da itatuwan kwakwa da farin rairayi. Alhali a cikin Arewar nan tamu akwai al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana zaune a tsibirai, har Hausa ta raɗa mata suna daga mazauninta. A Hausar yamma gungu shi ne tsibiri, mutanen da ke zaune a tsibiran Kogin Kwara na ƙasar Yauri kuwa su ne Gungawa. Bakano ya san yankinsu ta wajen abin da ke fitowa daga can ko da bai san sunansu ba: albasar Yauri da busasshen kifi. Ita kanta bulalar dorina da ake tsorata yara da ita, daga fatar dabbar da irin waɗannan mutane suka shahara da farauta ake yanko ta.

Tarihin wasanninsu ya cancanci a tsaya a kansa saboda dalili biyu. Na farko, a wurinsu ne ake ganin yadda wasa ke fitowa daga cikin sana'a da yanayin ƙasa, ya zama hanyar koya wa yaro abin da zai ci da shi kuma ya tsira da ransa. Na biyu, su ne al'ummar da aka wayi gari a 1968 ruwa ya shafe filin wasanta da gonakinta da kushewun kakanninta gaba ɗaya. Abin da ya sami wasannin bayan nan yana da darasi ga jihar Kano, wadda ita ma ta cika ƙasarta da madatsun ruwa cikin shekaru hamsin da suka wuce.

Su wane ne Gungawa

Gungawa sunan da Hausawa suka ba su ne. Su da kansu Reshe suke kiran kabilarsu, harshensu kuma Tsureshe, wanda ba shi da dangantaka ta kusa da Hausa. Suna cikin tsofaffin mazauna ƙasar Yauri, tare da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Lopawa. Daga baya sarauta irin ta Hausa ta kafu a kansu, hedkwatarta a Birnin Yauri, kuma labarin Bayajida ya lissafa Yauri a cikin Banza Bakwai. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne a masarautar, da tarihin wannan daula ya fara bincikensa a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya rubuta littafinsa kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, wanda ya fito a 1978.

Zaman tsibiri kariya ne. A zamanin da dawakai ke kai hari ƙauyukan tudu ana kama bayi, mahayi ba ya iya bin mutum cikin kogi mai faɗi sai ya nemi jirgi, jirgin kuwa yana hannun wanda ake nema. Sarakunan Yauri da kansu sun san amfanin wannan, domin a rikice-rikicen ƙarni na 19 sarautar ta taɓa fakewa a tsibirin Ikum kafin ta zauna a Yelwa a 1888. Duk wanda zai haye Kwara a wannan yanki, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ko rundunar yaƙi ko baƙon Bature, sai ya bi ta hannun masu kwalekwale. Mungo Park ya ratsa Yauri a jirginsa, ya kuma halaka a duwatsun Busa da ke kudu da ita a farkon 1806. Richard Lander da ƙanensa John sun zo Yauri a 1830 suna neman takardunsa, su ma tafiyarsu ta dogara ga samun jirgi da matuƙa.

Sai dai a lura, Gungawa manoma ne kafin komai. Ƙasar tsibiran laka ce da kogi ke shimfiɗawa duk shekara, a kanta suke noman gero da dawa da damina, da rani kuma su yi lambun albasa suna ɗibar ruwa daga kogi. Waɗanda su kaɗai ne sana'arsu su ne Sarkawa, masuntan da asalinsu ke komawa ga Sorko na daular Songhai, suka biyo kogi ta ƙasar Kabi. Kabilun biyu sun zauna kusa da juna, kuma wasannin ruwan da ake gani a yau gadon su duka ne.

Kogi mai cika sau biyu

Kwara a wannan yanki tana da wata ɗabi'a da kogunan Kano ba su da ita: sau biyu take kawo ruwa a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce na ƙasashen kusa, tana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwanta gurɓatacce da laka, shi ya sa masana ke ce mata farar cika. Ta biyu ruwan da aka yi ne tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sai ya iso nan cikin sanyin hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, a tace. Ita ce baƙar cika. Wato a daidai lokacin da kogunanmu na gabas suke komawa rairayi, yara na buga ƙwallo a tsakiyarsu, kogin Yauri yana maƙil da ruwa mai kyau, an gama girbi, rumbuna sun cika, samari ba su da aikin gona mai nauyi. Wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa da wasan ruwa, kuma har yau wajen watan Fabrairu ake yin bikin Rigata.

A irin wannan mazauni iyo daidai yake da tafiya. Mai zuwa kasuwa sai ya haye ruwa, haka mai zuwa gaisuwar mutuwa a gungun da ke maƙwabtaka, haka amarya ranar da za a kai ta. Yaron da bai iya iyo da tuƙi ba nauyi ne a kan iyayensa. Babu makarantar da ake koyar da waɗannan abubuwa, wasa ne ke koyar da su. Rige-rigen yara zuwa wancan gaɓa yana gina numfashi. Gasar daɗewa a nutse tana koya wa mutum kada ya firgita idan ruwa ya rufe kansa, firgita kuwa ita ke fara kashe wanda ya faɗa ruwa. Tseren kwalekwale yana koyar da abu mafi wuya, wato haɗa hannu: mutum goma ko ashirin su tsoma filafili lokaci ɗaya su ɗaga lokaci ɗaya, na baya yana riƙe da akalar jirgin yana karanta igiyar ruwa, mai ganga yana ba su taki. Jirgin da aka sassaƙa daga gungumen itace ɗaya ba shi da haƙuri. Mutum ɗaya ya karkata ba daidai ba, sai kowa ya sha ruwa.

Wanda ya taɓa kallon kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya ga irin waɗannan wasanni a jere: tseren kwalekwale, da iyo da tulu ko gora, da nutso, da kamun agwagwar ruwa da hannu. Kowane ɗaya daga cikinsu guntun aikin masunci ne aka ciro aka mai da shi gasa.

Dorina da zago

Babbar jarrabawar mutumin kogi ita ce dorina. Namijinta kan kai nauyin tan ɗaya da rabi ko fiye, tana fitowa da dare ta cinye gonar shinkafa ko lambu, a ruwa kuma tana kifar da jirgi ta datse shi da haƙoranta. Mutanen tsibiri ba su da inda za su gudu su bar mata, saboda haka farautarta ta zama aikin gayya. Makaminta zago ne, mashi mai kan ƙarfe da ke cirewa ya maƙale a jikin dabba, a ɗaure da igiya da abin da ke yawo a saman ruwa domin a san inda ta nutse. Mutum ɗaya ba ya iya wannan. Jirage da yawa ne ke kewaye ta, wasu su ja hankalinta, wasu su soka, wasu su tsaya a shirye don tsamo waɗanda jirginsu ya kife. Da irin wannan zago ake kama kada da ayu.

Dabarun da farautar dorina ke bukata su ne na yaƙin ruwa: sauri, da juya jirgi a ƙuntataccen wuri, da jifa daga tsaye a kan abin da ke rawa. Turawa sun ɗanɗana wannan tun kafin su gama kafa mulkinsu. A watan Oktoba na 1898 wani hafsan sojan Ingila mai suna Laftanar Keating ya fita daga sansanin Yelwa da 'yan sojoji zuwa tsibirin Hela neman jirage, mutanen tsibirin suka ƙi, aka gwabza, aka kashe shi da yawancin mutanensa. An aiko da runduna ta ɗauki fansa daga baya. Abin lura a labarin shi ne abin da aka yi faɗan a kansa: jirgi. A tudu dukiyar mutum doki ne da shanu, a gungu kuwa kwalekwale ne.

Daga farauta zuwa Rigata

Masu riƙe da tarihin bikin Rigata a Yauri suna cewa ya kai shekara ɗari biyu, kuma asalinsa atisayen mayaƙan Gungawa ne da farautar dorina, sai da Turawa suka hana kashe ta aka mai da abin nuni da gasa. Akwai gaskiya a gindin wannan labari. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963, kuma yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare da zuwan Turawa. Ƙwarewar da aka tara domin yaƙi da farauta ta rasa wurin zuwa, sai ta koma fagen biki.

Amma sunan da kansa yana ba da shaidar zamaninsa. Rigata daga kalmar Turanci ta tseren jiragen ruwa aka aro ta, su ma Ingilishi daga mutanen birnin Benis na Italiya suka karɓo ta. Kalmar ta zauna daram a bakin Bahaushe ne saboda ta yi kama da rige-rige, har mai ji zai ɗauka a nan aka haife ta. Jami'an mulkin mallaka sun so shirya irin wannan tsere a garuruwan bakin kogi domin tarbar manyan baƙi da bukukuwan gwamnati, kuma a ƙasar Nupe bikin tseren jirage na Patigi ya kafu a farkon shekarun 1950. Saboda haka abin da ya fi dacewa a ce shi ne, gwanintar tsohuwa ce ƙwarai, ta ma girmi shekara ɗari biyu, amma tsarin biki mai rumfar manyan baƙi da alƙalai da kyaututtuka na ƙarni na 20 ne.

Haka dawakin Kano da Katsina suka yi. Hawan da a da shirin yaƙi ne da mubaya'a ga sarki ya zama Daba, abin da aka shirya wa Lugga a 1913 da Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Haka Argungu: bikin da ake yi a yau ana lissafa farkonsa daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, alhali su a kogin Matan Fada ya daɗe kafin nan. Hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2016. A dukan misalan uku hanya ɗaya aka bi: abin da jama'a ke yi don bukatar kansu ya zama abin da ake yi domin a nuna wa baƙo. Wannan sauyi ya ceci wasannin daga ɓacewa, ya kuma rataya rayuwarsu a wuyan hukuma. Bikin Argungu ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai 2020.

Kokawa a matsayin iyaka

Wasan da ya fi jan hankalin masu bincike a wurin Gungawa a kan tudu ake yin sa. Kokawa sananniya ce a duk ƙasar Hausa, daga dandalin ƙauyukan Gaya da kaka har zuwa Jamhuriyar Nijar, inda tun 1975 ake gasar ƙasa ta cin takobi, wadda aka fara a Tawa. To me ya sa ta Gungawa ta zama abin nazari?

Wani masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, Frank Salamone, ya zauna a Yauri a farkon shekarun 1970, jim kaɗan bayan tashin tsibiran. A 1974 ya buga maƙala kan kokawar Gungawa, inda ya nuna cewa ita ce ɗaya daga cikin alamun da suke bambanta kansu da maƙwabtansu da su. Shekara ɗaya bayan haka ya buga wata kan yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa. Maƙalun biyu labari ɗaya suke bayarwa. Tun da daɗewa Bagunge kan musulunta, ya koma Hausa a gida, ya shiga harkar gari da sarauta, jikokinsa su tashi a matsayin Yawurawa. Al'ummar da ƙofarta ke buɗe haka tana bukatar wurin da za ta taru ta ga kanta, ta san su wane ne nata. Fagen kokawa ya yi wannan aiki.

Dalilin a fili yake idan aka dubi zaman tsibiri. Kowane gungu a ware yake, ruwa ya raba shi da ɗan'uwansa. Idan samarin wannan tsibiri suka cika jirage suka haye zuwa wancan domin kokawa, tare da makaɗa da 'yan mata da dattawa, to an yi ziyara ke nan, an ci abinci tare, an ga juna. A nan saurayi ke nuna ƙarfin da zai yi noma da shi, a nan ake ganin wadda za a nema. A ƙasashen da ke kusa, kamar Zuru inda Dakarkari ke da al'adar golmo, wato saurayi ya yi shekaru yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata, ƙarfin jiki jari ne da ake aunawa a bainar jama'a. Kokawa kuma tana da ladabin da ya sa ta dace da maƙwabtan da dole su ci gaba da zama tare: da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, ba jini, ba makami, wanda aka kayar yau yana da badi.

Shekarar da ruwa ya zo

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Tafkin da ya taru ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270, tsawonsa ya haura kilomita 130, daga madatsar har zuwa Yelwa. An tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Foge, tsibiri mafi girma a wannan yanki na kogin, ya koma ƙarƙashin inda tafkin ya fi faɗi. Gungawa da yawa an kwashe su zuwa sababbin ƙauyuka a gaɓa, aka ba su gidajen siminti da wani mai zanen gini ɗan Ingila, Robin Atkinson, ya tsara.

Najeriya ta sami wutar lantarki, kuma har yau Kainji na cikin manyan tashoshinta. Abin da mutanen gungu suka biya ba duka ne ya shiga takardar diyya ba. Ana iya ƙirga ɗakuna da itatuwa, amma lakar da kogi ke sabuntawa duk shekara ba ta da madadi a kan jigawa, kuma lambun albasa da ke taku kaɗan daga ruwa ya zama abin da sai an nemi inji. Sanin kogi ma ya tashi aiki. Dattijon da ya haddace kowane dutse da kowace mashiga tsakanin Yelwa da Busa ya wayi gari a gaban wani ruwa dabam, mai faɗin da ba a hango gaɓarsa, mai igiya irin ta iska, wanda ke hawa da sauka bisa bukatar injin wuta, ƙarƙashinsa kuma cike da kututturan itatuwan da ba a sare ba. Ƙaramin kwalekwalen da ya dace da mashigin tsibirai bai dace da wannan ba. Manyan jiragen katako masu inji suka karɓi sufuri, masunta baƙi suka kwararo daga wurare da dama.

Wasanni sun bi sahun rayuwa. Ƙauyen da ke bakin hanyar mota ba ya bukatar kowane yaro ya iya tuƙi. Makarantar boko da ta Islamiyya da rediyo da ƙwallon ƙafa sun sami shiga cikin sauƙi, Hausa ta ƙara rinjaye a kan Tsureshe. Wasu daga cikin waɗannan sauye-sauye alheri ne, kuma da sun zo ko ba madatsa. Abin da madatsar ta yi shi ne ta tattara sauyin da zai ɗauki zuriya uku ta sauke shi a kan zuriya ɗaya.

A 'yan shekarun nan gwamnatin jihar Kebbi da masarautar Yauri, ƙarƙashin Sarki Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, sun tsaya wa Rigata a matsayin bikin shekara-shekara, da tseren jirage da iyo da kaɗe-kaɗe da baje kolin amfanin gona. Yin hakan a yankin da ya ga sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ba ƙaramin abu ba ne, domin taron jama'a da rana tsaka shaida ce cewa gari na nan da ransa. Tarihin wasu tsibiran duniya ya nuna wasa na iya farfaɗowa bayan ya kusa mutuwa. A Hawai hawan igiyar teku a kan allo ya ja baya ƙwarai a ƙarni na 19, sai Duke Kahanamoku, gwanin iyon da ya ci zinare a wasannin Olamfik na 1912, ya yawata da shi duniya, har ya shiga Olamfik a gasar Tokyo da aka yi a 2021. Amma can wasan ya rayu ne saboda yara sun koma cikin ruwa kullum. Biki na kwana uku bai isa ya yi wannan aiki ba.

Mutanen tudu a bakin ruwa

Nan ne labarin ya iso gida. A Yauri an ɗauke mutanen ruwa an ajiye su a tudu. A Kano akasin haka aka yi: an kawo wa mutanen tudu ruwa har ƙofar gida. Daga zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsu, Bagauda da Tiga wadda aka kammala a 1974, sannan Watari da sauransu, har zuwa ta Challawa a 1992. Ƙauyukan da kakanninsu ba su san ruwan da ya wuce kududdufi da rafin damina ba suka sami kansu a gaɓar tafki, gona a wancan haye, kasuwa a wancan haye. Kogin da ya ratsa Wudil ya gangara ta ƙasar Ajingi zuwa Ringim da Haɗeja, yanzu cikarsa da janyewarsa sun danganta da abin da aka saki daga Tiga da Challawa, kuma mutanen bakinsa sun san ambaliya. Akwai masunta na gado a Wudil da wasu garuruwan kogin, amma yawancin masu shiga jirgi a jihar fasinjoji ne da ba su iya iyo ba. Ruwan ya zo, al'adar zama da shi ba ta biyo shi ba.

Shekarar 2021 ta nuna kuɗin da ake biya a ɓangarorin biyu. Ranar 26 ga Mayu jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta masarautar Yauri, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ranar 30 ga Nuwamba wani jirgin ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. A duka biyun an ambaci lodin da ya wuce kima. Iya iyo ba ya gyara ruɓaɓɓen jirgi, ba ya maye gurbin rigar kariya daga nutsewa, kuma ko gwani na iya gajiya a tsakiyar tafki mai faɗi. Duk da haka mintunan farko bayan kifewar jirgi su ke raba mai rai da gawa, kuma abin da ake bukata a cikinsu shi ne abin da wasannin gungu ke koyarwa: kada ka firgita, ka san yadda za ka tsaya a saman ruwa, ka kama abin da ke yawo, ka san yadda ake tsamo mutum ba tare da ya ja ka ƙasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma a shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Koya wa yara 'yan makaranta iyo da dabarun ceto yana cikin matakan da hukumar ta fi ba da shawara a kai.

A gidajenmu tarbiyyar da ake ba yaro game da ruwa tsoro ce: kada ka je rafi, akwai aljanu, akwai mai jan ƙafa. Tsoron yana da dalili, amma yaron da aka hana yakan je a ɓoye, wanda ya ji magana kuma wata rana zai shiga jirgi da iyayensa. 'Yan mata sun fi shiga haɗari, domin su ne aka fi nesantawa da koyon iyo, kuma su ne da iyayensu mata suka fi cika jiragen kasuwa da na biki. Malaman wannan fanni ba sai an ɗauko su daga waje ba. Suna nan a Yauri da Argungu da Wudil, masunta da matuƙa da Sarakunan Ruwa, da matan masunta da za su iya koya wa 'yan mata a keɓe. Kuɗin da ake kashewa a rumfar manyan baƙi ta biki ɗaya zai iya ɗaukar nauyinsu su yi rani guda suna koyar da yaran makarantun firamare da na Islamiyya da ke bakin Watari da Tiga da kogin Wudil, a wuri marar zurfi da aka killace, kafin damina ta gaba ta sauka.